Yadda ƙungiyoyin NBA ke auna ɗan wasan jami'a kafin zaɓe: Darasi daga labarin Stephen Curry

A daren 25 ga watan Yunin 2009, a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York, ƙungiyar Minnesota Timberwolves ta samu damar da ba kasafai ake samu ba a gasar ƙwallon kwando ta NBA. Ita ce ke da zaɓi na biyar da na shida a jere, kuma abin da take nema shi ne ɗan wasan da zai riƙa tuƙa mata ƙwallo. Ta ɗauki Ricky Rubio ɗan ƙasar Sifaniya, sannan ta ɗauki Jonny Flynn na Jami'ar Syracuse. Da zaɓi ya zo kan Golden State Warriors a matsayi na bakwai, sai ta kira sunan wani siririn matashi daga ƙaramar kwalejin Davidson, wato Stephen Curry.

Flynn kakar wasa uku kawai ya yi a NBA. Curry kuwa ya ci kofin gasar sau huɗu, a 2015 da 2017 da 2018 da 2022, an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan kaka sau biyu, kuma tun watan Disambar 2021 shi ne ke riƙe da tarihin yawan jifan maki uku. Mutanen da suka tsallake shi ba baƙin wasan ba ne. Sun kalli faifan wasanninsa, sun auna jikinsa, sun karanta alƙalumansa, duk da haka suka kuskure. Kuskuren nasu yana nuna abin da masu tantance 'yan wasa ke dubawa, da kuma inda ma'auninsu ke gazawa.

Yadda zaɓen yake

A ƙwallon ƙafa ƙungiya mai kuɗi ce ke sayen matashin da take so. A NBA ba haka ba ne. Ƙungiyoyi 30 na gasar suna zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi a watan Yunin kowace shekara, cikin zagaye biyu, gurabe 60. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ne ke kan gaba, kuma ana jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyin da ba su kai wasannin neman kofi ba domin a fitar da masu zaɓin farko. Tun daga 2006, sai ɗan wasa ya kai shekara 19 a shekarar zaɓen, kuma in ɗan Amurka ne sai shekara guda ta wuce bayan ajinsa ya gama sakandare. Wannan ƙa'ida ce ta sa akasarin fitattun matasa ke bi ta jami'a, ko da na shekara ɗaya ne.

Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana samun kwantiragi mai tabbacin albashin shekara biyu, ƙungiya kuma tana da ikon riƙe shi ƙarin shekara biyu. A 'yan shekarun nan albashin wanda aka fara zaɓa ya zarce dala miliyan 10 a shekarar farko. Wanda ya faɗa zagaye na biyu ba shi da wannan tabbaci, sai abin da wakilinsa ya iya cimmawa a teburin ciniki. A ɓangaren ƙungiya, zaɓi na sama-sama lada ne na kaka guda ta wahala, kuma in aka ɓarar da shi ana iya shafe shekaru ana biyan bashin. David Kahn, wanda ya jagoranci zaɓen Minnesota a 2009, ya rasa kujerarsa a 2013, kuma har yau ba a ambaton sunansa ba tare da an tuna wancan dare ba.

Wane ne gad

Kowace ƙungiya tana da mutum biyar a fili. Biyu daga cikinsu, galibi mafi gajarta, su ne Amurkawa ke kira gad, kalmar da Hausa ta ara ta mayar da ita gadi. Sunan yana iya ruɗarwa, domin babban aikinsu a yau kai hari ne. Na farko shi ne madugun ƙungiya: shi ke ɗauko ƙwallo daga baya, ya tsara harin, ya raba wa abokan wasa. Na biyu maharbi ne, wanda ake sa ran ya ci maki daga nesa. A wasan zamani iyakar da ke tsakaninsu ta dusashe, ana son kowannensu ya iya aikin ɗan'uwansa.

Darajar wannan matsayi ta ƙaru tun daga 2004, lokacin da NBA ta tsananta hukunci a kan mai tsaro da ke dafa wa mai ƙwallo hannu domin ya tare shi. Daga nan gajerun 'yan wasa masu sauri suka samu sarari, kuma a shekaru biyu da suka biyo baya madugu Steve Nash ne ya zama gwarzon kaka. Sai dai wannan matsayi ne ya fi wuyar hasashe. Dogon ɗan wasa mai mita 2.10, ko bai ƙware ba, tsayinsa na nan kuma zai yi amfani. Abin da gad ke taƙama da shi yana cikin hannunsa da kansa, kuma ba a san ko zai yi aiki a gaban manya ba sai an gwada.

Dalilin da makin jami'a ke yaudara

Wasan jami'a da na NBA sunansu ɗaya, amma sharuɗɗansu sun bambanta. A jami'a minti 40 ake yi, a NBA 48. Ƙungiyar jami'a tana da daƙiƙa 30 ta kai hari, a zamanin Curry ma 35 ne, alhali a NBA daƙiƙa 24 ne kacal. Layin jifan maki uku na NBA yana da nisan mita 7.24 daga kwando. Na jami'a mita 6.75 ne tun daga 2019, kuma a shekaru biyun farko na Curry a Davidson bai wuce mita 6.02 ba. Ɗan jami'a yana buga wasa 30 zuwa 40 a kaka, ɗan NBA kuwa 82, ban da wasannin neman kofi. Uwa-uba, akasarin waɗanda ke tsaron tauraron jami'a ba za su taɓa taka filin NBA ba.

Jimmer Fredette na Jami'ar Brigham Young shi ne misalin da aka fi kawowa. A kakar 2010 zuwa 2011 ya fi kowa cin maki a jami'o'in Amurka, maki 28.9 a kowane wasa, aka kuma ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan ƙasa. An zaɓe shi na goma a 2011, ya tafi Sacramento. A jami'a ƙwallo na hannunsa kusan kowane hari, abokan wasansa kuma suna rufe masa gazawarsa ta tsaro. A NBA babu ƙungiyar da za ta miƙa wa sabon shiga ragamarta haka, shi kuma ba shi da saurin da zai kuɓuce wa masu tsaro ko ya tare wanda aka ba shi. Bayan ya zaga ƙungiyoyi da dama sai ya koma ƙasar Sin, inda ya sake zama tauraro a ƙungiyar Shanghai Sharks.

Curry ma ya fi kowa cin maki a kakarsa ta ƙarshe, 28.6 a kowane wasa, kusan daidai da Fredette. Saboda haka masu tantancewa ba sa tsayawa a kan yawan maki. Suna tambayar yadda aka ci su, da kuma wanda aka ci a kansa.

Jifa da alamominsa

Abu na farko da ake dubawa shi ne jifa, amma kason jifan maki uku da ya shiga ba ya wadatarwa. Ɗan wasan da ya yi shekara ɗaya a jami'a yana iya jifa sau 150 kawai daga nesa, kuma a irin wannan adadi 'yan jifa kaɗan da sa'a ta shigar suna iya ɗaga alƙalumansa sosai. Shi ya sa ake haɗawa da jifan daga-kai-sai-kwando, wanda ake bayarwa idan an yi wa ɗan wasa ƙeta. Nisansa ɗaya ne a jami'a da NBA, babu mai tsaro a gaba, don haka yana nuna tsantsar saitin hannu.

Zaɓen 2017 ya ba da darasi a kan wannan. Markelle Fultz na Jami'ar Washington da Lonzo Ball na UCLA, waɗanda aka zaɓa na ɗaya da na biyu, dukkansu sun shigar da kusan kashi 41 cikin ɗari na jifan maki uku. Amma a jifan daga-kai-sai-kwando Fultz kashi 65 ya samu, Ball kuma 67, adadin da ya yi ƙasa ga gad. A kakarsa ta farko a Los Angeles Lakers, jifan nesan Ball ya faɗo zuwa kusan kashi 30, sai da ya sauya yadda yake sakin ƙwallo kafin ya gyaru bayan wasu shekaru. Lamarin Fultz ya haɗa da lalura, domin a 2018 likitoci sun gano matsalar jijiyoyi tsakanin wuyansa da kafaɗa. Wasa 33 kawai ya buga wa Philadelphia, wadda ta ba da ƙarin zaɓi ga Boston domin ta same shi, kafin ta tura shi Orlando.

A wajen Curry duk alamomin sun tafi wuri ɗaya. Shekara uku ya yi a Davidson, jifansa na daga-kai-sai-kwando ya haura kashi 85 a kowace shekara, kuma a kakar 2007 zuwa 2008 ya shigar da jifan maki uku 162, wanda ya kafa tarihi a jami'o'in Amurka a lokacin. Faifan wasanninsa sun nuna abin da alƙaluma ba sa nunawa: yana sakin ƙwallo cikin ƙiftawar ido, yana jifa cikin gudu, yana jifa bayan ya tuƙo ƙwallo da kansa, kuma sau da yawa daga can bayan layi. Maharbin da sai ya tsaya cak an miƙo masa yake iya ci yana da amfani a NBA, amma wanda ke iya samar wa kansa damar jifa shi ne ke tilasta wa abokan karawa sauya tsarin tsaronsu.

Tuƙi da karanta fili

Tambaya ta biyu ita ce ko ɗan wasan zai iya jan ragamar hari. Ana kwatanta yawan ƙwallayen da ya miƙa aka ci da yawan waɗanda ya zubar. Ana kuma kallon yadda yake sarrafa dabarar da NBA ta fi dogara da ita, wadda dogon abokin wasa ke zuwa ya tsaya kamar shinge a gaban mai tsaron gad, sannan ya sulale zuwa kwando. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu sai gad ya yanke shawara: ya jefa, ya kutsa, ya miƙa wa dogon, ko ya hango wanda aka bari shi kaɗai a kusurwa. Wannan hange yana da wuyar koyarwa ga wanda bai taso da shi ba.

A nan ne aka fi shakkar Curry. Shekaru biyunsa na farko maharbi ne, wani ɗan wasa mai suna Jason Richards ne madugu. Sai da Richards ya kammala karatu koci Bob McKillop ya damƙa wa Curry tuƙi. Ya riƙa miƙa ƙwallon da ake ci fiye da biyar a wasa, amma yana zubarwa da yawa. Masu tantancewa da dama suka yanke cewa ya yi gajarta ga maharbi, kuma bai cika madugu ba. Abin da suka raina shi ne yadda tsoron jifansa ke buɗe wa sauran fili. A watan Nuwamban 2008 ƙungiyar Jami'ar Loyola ta Maryland ta sa mutum biyu su bi shi tun daga farkon wasa har ƙarshe. Curry ya koma kusurwa ya tsaya da masu tsaronsa, ya bar abokansa huɗu suna karawa da mutum uku. Bai ci ko maki ɗaya ba, Davidson kuma ta yi nasara da ratar maki 30.

Jiki da tsaro

A watan Mayu ake tara matasan a birnin Chicago domin gwaji. Ana auna tsayi da nauyi, da tsalle, da gudu, da kuma gaba, wato tsawon hannu biyu idan an ware su. Ga gad, gaba tana iya fin tsayi muhimmanci, domin ita ke ba shi damar tare jifa da ƙwace ƙwallo. Donovan Mitchell, wanda aka zaɓa na 13 a 2017, tsayinsa bai kai mita 1.90 ba, amma gabarsa ta kai mita 2.08. Shai Gilgeous-Alexander, na 11 a 2018 kuma gwarzon kaka a 2025, yana da tsayin mita 1.98 da gabar da ta haura mita 2.10.

Curry ya auna kusan mita 1.91 da takalmi, nauyinsa kilo 82, gabarsa kuma daidai da tsayinsa take. Flynn ya fi shi gajarta, amma ya yi tsallen da ya kai mita guda, ga ƙirar ƙarfi. Watanni uku kafin zaɓen duk Amurka ta kalle shi ya buga minti 67, ya ci maki 34, a wasan da Syracuse ta doke Connecticut bayan ƙarin lokaci har sau shida. Abin da ido ya gani a irin wannan dare yana da nauyi a zuciyar mai zaɓe.

Damuwa a kan jiki ba ta banza ba ce. A wasannin neman kofi ƙungiyoyi suna farautar mai tsaro mafi rauni, su riƙa kai hari ta kansa har sai kocinsa ya cire shi. Ƙaramin gad sai harinsa ya yi ƙarfin da zai biya abin da ƙungiya ke asara ta wajensa. Kaɗan ne suka kai wannan matsayi. Isaiah Thomas mai mita 1.75, wanda aka zaɓa na 60 kuma na ƙarshe a 2011, ya shiga wasan taurarin NBA sau biyu, amma irinsa ba su da yawa.

Shekaru da girman abokan karawa

Ƙungiyoyi suna fifita ƙuruciya, bisa hujjar cewa ɗan shekara 19 da ke taka rawa daidai da ɗan 22 yana da sauran girma a gabansa. Wani lokaci hujjar tana biya. Devin Booker daga benci yake shigowa a Jami'ar Kentucky, yana cin maki 10 a wasa, amma yana da shekara 18. Phoenix ta ɗauke shi na 13 a 2015, kafin ya cika shekara 21 kuma ya ci maki 70 a wasa ɗaya. Wani lokaci kuma hujjar tana rufe ido. Jalen Brunson ya ci kofin jami'o'i sau biyu da Villanova, a 2016 da 2018, ya zama gwarzon ɗan wasan ƙasa, amma saboda shekarunsa da gajartarsa sai da aka kai zaɓi na 33 kafin Dallas ta ɗauke shi. Daga baya ya zama jagoran New York Knicks.

Haka ma batun ƙaramar makaranta. Davidson ba ta kai ɗalibai 2,000 ba, kuma rukunin da take wasa a ciki ba na manya ba ne. Hanyar warware wannan shakka ita ce a ware wasannin da ɗan wasa ya yi da manyan jami'o'i. A gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙasa a watan Maris na 2008, Curry ya ci Gonzaga maki 40, Georgetown 30, Wisconsin 33, sannan Kansas 25 a wasan da Davidson ta faɗi da ci 59 da 57, mataki ɗaya kafin zagayen kusa da na ƙarshe. Kansas ce ta ɗauki kofin a shekarar. A kaka ta gaba ya ci Oklahoma maki 44, ƙungiyar da Blake Griffin, wanda aka fara zaɓa a 2009, ke ciki. Nasarar Curry ta taimaka wa waɗanda suka biyo baya, irin su Damian Lillard na Jami'ar Weber State, wanda Portland ta ɗauka na shida a 2012 ya kuma zama gwarzon sabon shiga.

Abin da ma'auni ba ya kamawa

Ƙungiyoyi suna yin gwajin lafiya, suna zama da matasan su yi musu tambayoyi, suna tuntuɓar kocinsu da malamansu domin sanin halinsu. Duk da haka, rauni da muhalli suna iya rushe kowane lissafi. Flynn ya fara da kyau, maki 13.5 a wasa a kakarsa ta farko, ko da yake tsarin harin kocinsa Kurt Rambis bai dace da madugu mai son riƙe ƙwallo ba. A 2010 aka yi masa tiyata a ƙugu, saurin da aka ɗauke shi dominsa kuma bai dawo ba.

Shi kansa Curry ya kusa bin wannan hanya. An yi masa tiyata a idon sawu a 2011 da 2012, kuma a kakar 2011 zuwa 2012 wasa 26 kawai ya buga cikin 66. Kwantiragin da ya sa wa hannu a 2012, dala miliyan 44 na shekara huɗu, a lokacin ana ganinsa kasada ce ga Warriors. Ƙungiyar ta sallami Monta Ellis domin ta bar masa ragama, ta kewaye shi da masu tsaro irin su Klay Thompson da Draymond Green, sannan a 2014 ta kawo koci Steve Kerr, wanda ya gina tsarin hari a kan motsinsa ba tare da ƙwallo ba. A kakar 2015 zuwa 2016 ya shigar da jifan maki uku 402, ya zama ɗan wasa na farko da aka zaɓa gwarzon kaka ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta sauka a kan wani ba.

Akwai kuma waɗanda gurabe 60 ɗin ke wucewa ba a kira sunansu ba. Gabe Vincent na tawagar D'Tigers ta Najeriya ya gama Jami'ar California da ke Santa Barbara a 2018 babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Ya bi ta ƙaramar gasar NBA har Miami Heat ta ɗauke shi. A watan Yulin 2021 ya ci maki 21 a wasan sada zumunta da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas, a 2023 kuma yana cikin biyar ɗin farko na Miami a wasannin ƙarshe na gasar.

Tun daga 2021 an halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗi ta hanyar tallace-tallace da sunansu, wanda ya sa waɗanda ba su da tabbacin shiga zagayen farko ke ƙara zama a makaranta. Masu tantancewa yanzu suna samun ƙarin wasanni da ƙarin jifa da za su auna, kuma ƙungiyoyi sun fi daraja jifan nesa fiye da yadda suka yi a 2009. Amma tambayar da Minnesota ta fuskanta ba ta sauya ba: daga cikin abubuwan da matashi ke yi a jami'a, wanne zai ci gaba da aiki idan mai tsaronsa ya fi tsayi, ya fi sauri, kuma ya kwana yana nazarin faifansa. Duk watan Yuni ƙungiyoyi 30 suna amsa ta da kuɗinsu, kuma sai an yi shekara uku ko huɗu kafin a san wadda ta amsa daidai.